Me ya sa kayan lantarki masu tsimin wuta ba sa tafiya a kasuwa?

Baban Khadija, Kano:
Assalamu alaikum. Sana'ata sayar da kayan lantarki ce, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta awanni masu yawa a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, na ɗauka jama'a za su yi rububin firji da fanka masu tsimin wuta, har na ƙaro kaya. Sai ga shi firji na hannu, wanda ya gama shan wahala a Turai, shi ne har gobe ake nema, nawa kuwa suna shan ƙura. Ina matsalar take, kuma yaya za a magance ta?

Injiniya, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina tushen matsalar mita ce. Ƙwan LED, wato ƙwai mai tsimin wuta, mai wat 9 yana ba da haske daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Idan aka kunna su awa biyar kullum, a wata guda tsohon zai ci yunit 9, wato naira 2,025 a wancan farashi, sabon kuma bai wuce na naira 304 ba. Amma wannan lissafi yana da amfani ne kawai ga mai mita. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi, ko ya kashe komai ya kwana a duhu, kuɗin da za a rubuta masa bai canza ba, to don me zai sayi firji mai tsada? Haka abin yake a gidan haya mai mita ɗaya, inda ake raba kuɗi ɗaki-ɗaki: mai tsimi yana yi wa maƙwabcinsa mai dafa wake da hita aiki ne. Sau da yawa ma mai gida ne ke sa fanka da ƙwayaye, ɗan haya ke biyan wuta, saboda haka mai saye zai ɗauki mafi arha tunda ba aljihunsa ne zai ji ba.

Maman Ummi, Zariya:
Injiniya ya yi gaskiya, amma ni ina da mita, kuma jabu ne ya sa na ja baya. Na taɓa sayen ƙwayaye shida, an rubuta wat 18 a jikin kwali, haskensu bai kai na aci-balbal ba, kafin wata biyu huɗu sun mutu. Da na mayar, mai shagon ya ce wai ƙarfin wutar unguwarmu ne ya ƙone su. Ban da haka, Alhaji, mai albashi ba ya iya zube kuɗin sabon firji a tashi ɗaya, ko da ya san zai fanshe nan da shekara biyu. Da za ku yarda a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashe, ku kuma ba da takardar garanti ta gaske, da kun ga canji.

Ɗan Zango, Kumasi:
Bari in faɗi yadda aka yi a Gana. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimi miliyan shida kyauta, tana karɓe tsofaffin. Daga 2013 aka hana shigo da firji na hannu, aka kuma yi shirin da mutum zai miƙa tsohon firjinsa a rage masa kuɗin sabo. Abin da ya fi burge ni shi ne tambarin taurari da ake liƙa wa a jikin kaya, domin ko wanda bai yi boko ba ya san mai tauraro biyar ya fi mai ɗaya tsimi. Ba na cewa fasa-ƙwauri ya ƙare, amma mai saye ya samu abin dubawa.

Baban Khadija, Kano:
Na gode ƙwarai. Mita da doka sun fi ƙarfina, amma shawarar Maman Ummi tana hannuna. Zan gwada biya sau huɗu da ma'aikatan da na sani, in kuma ajiye ƙaramar mita a kan kanta, a jona firji biyu mai saye ya ga bambancin da idonsa. Injiniya, wace iri ce za ta jure wutar kasuwa?