Feshi zai sa dashen tumatir ya jure ƙishi?

Sabi'u: Salamu alaikum. Jiya a Kwanar Gafan wani mai maganin gona ya ce min akwai ruwan da ake fesa wa tumatir tun yana reno, in an dasa shi sai ya yi sati biyu ba ban ruwa. Da tsadar man injin nan, in gaskiya ne ai mun huta.

Baba Idi: Wa alaikumus salam. Yaro, riƙe kuɗinka. Tun da aka fara sako ruwan Tiga nake noman rani a Kadawa, ban taɓa ganin shukar da magani ya kashe wa ƙishi ba.

Malama Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma, maganin akwai shi, sati biyun ne ƙari. A jikin kwalba za ku ga an rubuta paclobutrazol. Aikinsa shi ne danne sinadarin da ke sa shuka tsawo. Sai irin ya fito gajere, kara ya yi kauri, ganye ya yi kore shar, saiwa ta fi ƙarfin kai. Irin wannan in an cire shi aka dasa, bai cika langaɓewa da zafin azahar ba. Iyakarsa ke nan. Da ya fara fure, ruwansa zai nema kamar kowane.

Baba Idi: To ai abin da muke yi ke nan ba ko sisi. In saura kwana bakwai a cire iri, sai mu rage masa ruwa, mu ɗage ciyawar inuwa, ya sha rana ya yi tauri. A dasa da la'asar, a bi shi da ruwa.

Malama Hadiza: Haka ne, Baba, kuma naku ya fi aminci. Abin da ke ba ni tsoro awo ne. Maganin nan kaɗan ƙwarai ake bukata, mu kuwa da murfin kwalba muke aunawa. In ya zarce, shukar ta tsugune ke nan, ba gaba ba baya, kuma yana daɗewa a ƙasa, har ya taɓa abin da za a shuka a kwamin daga baya.

Garba daga Auyo: Ni ban yarda a rufe ƙofa ba. Ku kuna da kanal. Mu da muke jan ruwa da inji, rana ɗaya ya lalace, dashen attaruhu ya tafi. Ko kwana biyu maganin ya ƙara min, riba ce.

Sabi'u: Yaya Garba, ka gwada?

Garba daga Auyo: Bana zan gwada.

Malama Hadiza: To kwami ɗaya za ka ware, Malam Garba, ka bar na gefensa ba feshi don ka kwatanta. Ka duba lambar NAFDAC, sannan ka turo min hoton takardar jikin kwalbar kafin ka haɗa, mu ga ko an rubuta tumatir da attaruhu a kai. Wani na mangwaro ne.

Baba Idi: Ni dai nawa irin ba wanda zai fesa masa.