André Lwoff da abincin ƙananan halittu: me ya haɗa shi da jeloz shokola?

Ɗalibar labo:
Assalamu alaikum malamai. An ba mu aikin gabatarwa a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kan masanin ƙananan halittu André Lwoff. Duk inda na duba, maganar kyautar Nobel ta 1965 ake yi, amma malaminmu ya ce abin da yake so shi ne aikinsa na farko, kan abincin halittu masu ƙwayar halitta ɗaya. Ya kuma ce in mun gane wannan, za mu gane dalilin da bakteriyar Haemophilus ba ta fita a kan jeloz na jini, wato daskararren abincin da ake rainon ƙwayoyi a kansa a labo. Ina alaƙar take?

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Malaminku ya yi gaskiya. Nobel ɗin da Lwoff ya raba da François Jacob da Jacques Monod ta zo ne daga baya, bayan ya koma kan ƙwayoyin birus da ke ɓuya cikin bakteriya. Kafin nan ya daɗe yana bin tambaya guda: wannan halitta me take ci, kuma me ya sa ba ta rayuwa sai da shi?

An haife shi a Faransa a 1902, ya shiga Cibiyar Pasteur ta Paris yana ɗan shekara 19, ya koyi aiki a hannun Édouard Chatton. A 1923 ya raini wata halittar ruwa mai gashi-gashi, wadda yau ake kira Tetrahymena, ita kaɗai cikin ruwan pepton (ruwan narkakken furotin), ba bakteriya ko ɗaya tare da ita. Wannan ne mabuɗin komai. Muddin halitta na cin bakteriya a cikin kwalba, ba ka san wane sinadari take samu daga gare su ba. Sai ta zama ita kaɗai za ka iya zare abu ɗaya daga abincin ka ga ko ta tsaya.

Shi da matarsa Marguerite, wadda ba a cika ambata ba alhali tare suka yi aikin, sun nuna cewa wasu 'yan uwan ƙwayar ciwon barci da ke zaune a cikin ƙwari ba jini dukansa suke bukata ba, hematin ɗin da ke cikinsa kawai, wato sinadarin jini mai ɗauke da ƙarfe. Ya zurfafa wannan a Heidelberg wajen Otto Meyerhof. A 1936 a Kambirij, wajen David Keilin, suka gano cewa abin da ake kira V, wanda Haemophilus influenzae ke bukata, shi ne sinadarin da yanzu muke cewa NAD. A 1938 aka ba shi shugabancin sashe a Pasteur. Ya rasu a 1994.

Ra'ayinsa da ya kamata ki gina gabatarwar a kai: duk mai rai yana amfani da waɗannan sinadarai, bambancin kawai wani yana haɗa nasa, wani ya rasa ikon haɗawa, dole ya samu a abinci.

Ma'aikacin labo:
Bari in ɗora daga inda Malam ya tsaya, don mu a yankin sanƙarau wannan aikin yau da gobe ne. H. influenzae, ɗaya daga ƙwayoyin da ke haddasa sanƙarau, na son abu biyu: X, wato hemin, ɗan uwan hematin ɗin da Malam ya ambata, da V. A jeloz na jinin tunkiya X yana samuwa, amma V na kulle cikin jajayen ƙwayoyin jini, ɗan abin da ya fito kuma akwai enzim a jinin da ke lalata shi. Zafi ne ke warware duka biyun: ya saki V, ya kashe enzim ɗin. Jeloz na jinin da aka dafa haka shi ake kira jeloz shokola, saboda launinsa.

Yadda ake yi: a dafa jeloz a otokilab, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, digiri 121, minti 15. A bari ya sauko kusan digiri 50, a zuba jinin da aka cire wa fibrin (abin da ke sa shi daskarewa), mililita 5 cikin kowane 100. A mayar cikin ruwan zafi mai digiri 80, ana juyawa a hankali kamar minti 10 zuwa 15, har ya koma ruwan ƙasa. A sake saukar da shi zuwa 50, a zuba kusan mililita 20 a kowane faranti. In zafin ya wuce kima, jinin ya dunƙule ya yi gudaje, V ma ya lalace. In bai kai ba, launin ya tsaya ja-ja, ƙwayar ta fito a tsamure. Jinin mutum kuwa a bar shi, ko da shi ne a kusa: yana iya ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko sitrat ɗin da ke hana jini daskarewa a jaka, ban da hatsarin cuta ga mai aikin.

Bayan shuka ƙwayar a faranti, digiri 35 zuwa 37, awa 24 zuwa 48, cikin iska mai CO2. In babu na'urar, gwangwani mai murfi da kyandir ya isa: a kunna, a rufe, ya mutu da kansa. Ruwan ƙashin baya kada ya shiga firijo kafin shuka, sanyi na kashe ƙwayar. In tafiyar mai nisa ce, kamar zuwa cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, kwalbar Trans-Isolate mai riƙe ƙwayar da rai a hanya ake sa shi.

Hajiyar bakteriya:
Ƙanwata, in kina son abin nunawa a aji, ki shimfiɗa H. influenzae a jeloz na jini, ki ja layin bakteriyar Staphylococcus aureus (stafilo) a tsakiya. Washegari za ki ga Haemophilus ta fito kusa da layin kawai, tana ƙanƙancewa in ta yi nisa, domin stafilo na zubar da V a kewayensa.

Gwajin 'yan takardun da aka jiƙa da X da V, da ake ɗorawa kan faranti don tantance ƙwayar, kuma nan ake yawan kuskure. Ana yin sa a jeloz marar jini. In kika ɗebo ƙwayar daga shokola kika kankaro jeloz tare da ita, kin kwaso X ke nan, sai ta fito kewayen takardar V kaɗai, a rubuta H. parainfluenzae alhali influenzae ce. Ki taɓa saman tsiron kawai, ki dama cikin ruwan gishiri na labo, kaurin 0,5 a ma'aunin gurɓin ruwa na McFarland, sannan ki shimfiɗa. Influenzae ta gaskiya sai inda X da V suka haɗu take fita.