Sabuwar Hilux: in tura kuɗi Dubai ko in biya dila a Abuja?

Baban Walida, Kura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san harkar ya yi magana, ba wanda ya ji an ce ba.

Sana'ata sayen shinkafa shanshera a Kura da Bunkure da Garun Malam, ina kai wa masu injin casa a Kano. Hilux ɗin da nake hawa 'yar Kwatano ce, tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017 na saye ta, yanzu kwananta a gareji ya fi kwananta a gida. Bana Allah ya rufa asiri, ina so ko sau ɗaya a duniya in cire ledar kujera da hannuna.

Na je wurin wani babban dila a Abuja. Motar na nan, fara, mai injin fetur 2.7, na shiga na tayar da ita. Amma kuɗin da suka faɗa sai da na nemi kujera, kuma suka ce farashin na 'yan kwanaki ne, in dala ta motsa shi ma ya motsa. Da na dawo ƙanena ya nuna mini wani shafi a Instagram, mutumin yana Dubai, ga bidiyon motoci jere. Ya ce in ba da rabi kafin alƙalami, sauran in jirgi ya tashi. Ratar da ke tsakanin farashinsa da na Abuja za ta saya mini sabuwar Keke Napep har da canji. Zuciyata ta karkata can, uwargida kuma ta ce ba da yawunta ba. Me kuka gani?

Ɗan Apapa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Fiton motoci nake yi a Legas, don haka bari in fara da tambaya: farashin da ya ba ka, na ina ne? Na filin motarsa, ko na bakin tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, ko na ƙofar gidanka? Yawancin masu tallan nan na filinsu suke rubutawa. Bayansa akwai kuɗin jirgi daga tashar Jebel Ali ta Dubai, da inshora, da kuɗin kwastan da harajin da ke biye da shi, da kuɗin tasha, da ladan irinmu, sannan motar da za ta ɗauko ta zuwa Kano, sai dai in kana so sabuwar motarka ta fara rayuwa da ramukan hanyar Mokwa. Tun 2022 kwastan da lambar shasi suke ƙiyasta darajar mota, ba da rasit ɗin da mai sayarwa ya rubuta maka ba, kuma da canjin dalar ranar da aka shigar da takarda ake lissafi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, mutum kan tura kuɗi da lissafi ɗaya, kafin jirgi ya iso lissafin ya zama wani. In takardu suka makale kuwa, kullum kuɗin ajiya ƙaruwa yake.

Ba ina cewa duk mai shafi ɗan damfara ba ne. Motoci da yawa da kake gani a filayen Abuja ta wannan hanya suka shigo. Amma masu kawo su suna da ɗan uwa ko yaro a can da zai je ya taɓa motar. Kai wa gare ka? Ka ce ya turo lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, sannan ya kira ka ta bidiyo yana tsaye gaban motar ya nuna maka ita a jikin ƙarfe. Ka duba sitiyari ma, don a Dubai akwai na dama da ake kai wa Kenya da Tanzaniya, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin hagu muke amfani da shi. In ya ce ka tura kuɗi asusun mutum maimakon na kamfani, ka yi masa sallama.

Mai La'ada:

Alhaji, ni dillali ne, za a ce kare sana'ata nake. To a ce. Ratar nan da kake gani kuɗin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ne. Sabuwar mota a hannun dilan da kamfani ya amince da shi tana zuwa da garanti, galibi shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ta Dubai ɗin, ka tambayi masu sabis a nan ko za su karɓi garantinta kafin ka biya, kuma su rubuta maka.

Amma kada ka ji kunyar tayi don ka ga gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Ka nuna musu farashin mutumin Dubai, ka nemi sabis na farko kyauta da rajista da lamba. Su ma suna cewa albarka, suna kuma sallamawa.

Hajiyar Houston:

Yaya, ko a nan Amurka ba kowace sabuwar mota ake saye daga waya kai tsaye ba. Tesla ce ta yi suna da haka. A jiharmu ta Texas doka ta hana kamfanin da ya ƙera mota ya sayar wa mutum da kansa, shi ya sa mai son Tesla yake oda ta intanet a rubuta cinikin kamar daga wata jiha. Toyota da Ford kuwa, ko ka zaɓi launi da komai a shafinsu, wurin dila za a tura ka. Kuma wanda ya yi oda a shafin Tesla kamfanin kansa ya biya. Naka mutumin ba Toyota ba ne, mai shafi ne kawai. Ina bayan uwargida.

Usta Gambo Bakanike:

Ko ta ina ka saya, ka duba shekarar taya. Akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Mota takan shekara biyu a rana ba a hau ta ba, a ce maka sabuwa dal, alhali batir ya mutu, robobi sun bushe. Kuma ka tsaya a kan 2.7 ɗin nan. Masu gas 2.4 da 2.8 sun fi jan kaya, amma gurɓataccen man bakin hanya sau ɗaya ya isa ya kashe nozul, kuɗinsu kuma ba wasa ba.

Almajirin Zaure:

Ƙari kaɗan ta fuskar fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gabanka in an siffanta shi sosai, amma sun hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa in kayan na nesa kuma zai iya canzawa. Rabin da ya nema ya kamata ka kai wa malaminka ya duba.

Baban Walida, Kura:

Allah ya saka da alheri, na karanta duka. Na tambayi mutumin, ya ce farashin na filinsa ne, fito nawa ne. Lambar shasi kuma wai sai na biya kafin alƙalami zai turo, don kada in kai wa wani. Ƙanena har yanzu yana cewa mutumin kirki ne tunda mabiyansa sun yi yawa.

Ɗan Apapa, zan turo maka samfurin motar da shekararta ka buga mini lissafin fito gaba ɗaya har Kano, in ga abin da zai rage na Keke Napep ɗin. Mai La'ada, in mutum zai bi ta bankin Jaiz ko TAJ su saya su sayar masa ya riƙa biya a hankali, dilan Abuja zai riƙe mini farashin har su gama takardunsu, ko shi ma sai na ajiye wani abu?