Idan mutum ya daina biyan bashin gida, yaushe banki zai iya sayar da gidan?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana shari'a da na harkar banki. Tunda rayuwa ta yi tsada ake yaɗa wata magana a nan Zariya, musamman tsakanin ma'aikata masu bashin gida: wai in abin ya fi ƙarfinka ka daina biya kawai, banki sai ya shekara biyar yana zarya a kotu kafin ya taɓa gidan, kai kuwa kana ciki ba haya. Haka ne kuwa? Wata nawa ake ɗaga wa mutum ƙafa? Dole ne sai banki ya je kotu? In kuma an sayar, abin da mutum ya riga ya biya ya bi ruwa ke nan?

Lauyan Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tana cikin takardar da aka sa wa hannu, domin jinginar gida iri biyu ce.

Akwai cikakkiya: an rubuta yarjejeniyar jingina, an biya harajin hatimi, gwamna ya amince kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada, an kuma yi mata rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna. Bankin da ke da irin wannan a hannu ba ya jiran alƙali kafin ya sayar. Tsohuwar dokar 1881 da muka gada daga Ingila ta ba shi wannan iko idan lokacin biya ya yi kuma ɗayan abu uku ya faru: ya rubuto takardar neman kuɗinsa har wata 3 ya wuce ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata 2 a makare, ko mai gida ya karya wani sharaɗi, misali ya ƙi sabunta inshorar gobara. Yawancin bankuna ma sukan rage wannan wa'adi a cikin yarjejeniyarsu, mutum ya sa hannu bai karanta ba. Ga kuma dokar jingina da Jihar Kaduna ta yi a 2017, wadda aka yi ta musamman don gajarta wa masu ba da bashi hanya. Don haka a nuna wa lauya takardar, ya duba shekararta da dokar da ta ambata.

Ta biyun ita ce wadda mutum ya ajiye C of O ɗinsa, wato takardar shaidar mallakar fili, kawai a banki aka ba shi kuɗi. Wannan kam sai da izinin kotu a sayar. A nan ne jinkirin da kake ji yake. Sai an kai sammaci, mai gida ya ɓuya, a koma neman izinin liƙa takarda a ƙofa. Lauya ya tayar da gardamar wace kotu ce ke da hurumi, ta jiha ko ta tarayya. A ɗage zama, a tafi hutun shekara. In aka canja wa alƙali wurin aiki ana tsakiyar sauraron shaidu, a sake daga farko. A 2021 yajin aikin ma'aikatan kotu kaɗai ya rufe kotuna kusan wata biyu. Bayan hukunci ga Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna, ga Kotun Ƙoli a Abuja. In kuma banki ya zaɓi kotu ta mallaka masa gidan ne maimakon sayarwa, bisa al'ada akan ba mai gida wata 6 ya fanshi abinsa kafin hukuncin ya tabbata.

Wasu na dogara da shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, inda Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda babu amincewar gwamna. Gaskiya ne an yi. Amma jinginar ce ta rushe, bashin yana nan daram. Banki zai kai ka ƙara kan kuɗinsa, ya samu hukunci, ya dawo ya kama kadararka ta wata ƙofar, har da gidan.

Haka nan neman odar hana gwanjo. Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce mai neman a dakatar da sayarwa ya fara ajiye kuɗin da banki ke nema a kotu. Wanda ya kasa biyan na wata-wata, ina zai samo wannan?

Mai lissafin bashi, Kongo:

Barista ya gama da ɓangaren doka. Bari in ɗora da lissafi, don shi masu wannan shawara ba sa yi.

Ɗauki misalin mai sauran naira miliyan 5 a kansa, ruwa kashi 20 cikin ɗari a shekara. Ya daina biya shekara 3, ruwa yana hawa kan ruwa: miliyan 6, sai miliyan 7.2, sai miliyan 8.64. Ba a sa tarar makara ba, wadda ƙa'idar Babban Banki ta yarda a caza har kashi 1 cikin ɗari duk wata a kan abin da ya makara. Ba a sa kuɗin lauyan banki da na mai ƙiyasta farashi da na ɗan gwanjo ba, kuma duk a wuyan mai gida ake ɗora su. Hayar shekara uku da mutum ke ganin ya tsira da ita, a Hanwa ko Palladan, da wuya ta kai abin da bashin ya haifa.

Mai bashin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi dominsa tun dokar 1992, lissafinsa daban ne. Ruwansa kashi 6 ne, wa'adi har shekara 30. Miliyan 5 ɗin nan a shekara 3 ba ta cika miliyan 6 ba. Shi ya sa nake ganin wannan ne bashi na ƙarshe da ya kamata mutum ya bari ya lalace, don ba zai sake samun mai arharsa ba.

Kuma banki ba gidan yake fara nufa ba. Tun watan Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki dama, in mai bashi ya sa hannu a kan izinin, ya bi lambar BVN ya ɗebi uwar kuɗi da ruwanta daga asusunsa na wasu bankuna. Sunansa kuma ya shiga rumbun masu tattara bayanan bashi irin su CRC, ko'ina ya je neman rance a ga tabon.

Abin yi shi ne a rubuta wa banki tun kafin a cika kwana 90 ana makara, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A nemi cikakken bayanin asusu tun ranar da aka ba da bashin, a ba akawu ya bi shi layi-layi, don ana samun cajin da ya wuce ƙa'ida, kuma ana iya kai kukansa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Sannan a nemi tsawaita wa'adi, ko biyan ruwa kaɗai na wasu watanni, ko yafe tara in za a kawo wani kaso a dunƙule. Duk abin da aka amince a kai ya zama a rubuce. Alkawarin manaja na baka yana tafiya tare da shi ranar da aka canja masa reshe.

Hajiya mai ƙiyasin kadarori:

Malam, tambayarka ta ƙarshe ba a amsa ba. Kuɗinka bai bi ruwa ba a doka: in an sayar, a cire kuɗin ɗawainiyar sayarwa, a cire uwar kuɗi da ruwa, rarar taka ce, dole banki ya ba ka. In kuɗin bai kai ba, ana bin ka ciko.

Matsalar ita ce rarar ba ta cika saura ba. Duk rahoton ƙiyasi yana ɗauke da farashi biyu, na kasuwa da na sayarwar dole, kuma na biyun kullum ƙasa yake. A Zariya abin ya fi muni, don mutane na ƙyamar gidan da aka ce na gwanjo ne da iyali a ciki, kowa na gudun a ce shi ya fitar da 'ya'yan wane titi. Masu sayen kaɗan ne, su ma sun san sai sun sake komawa kotu kafin su karɓi makulli, sai su karya farashi. Banki bai da izinin sayar wa kansa ko haɗa baki da mai saye, amma arha kaɗai ba ta isa a soke ciniki ba sai an nuna maguɗi.

Ina ɗan saɓa wa mai lissafi a wuri ɗaya: tsawaita wa'adi na wanda samunsa zai dawo ne. Wanda aikinsa ya tafi gaba ɗaya, gara ya nemi izinin banki a rubuce ya sayar da kansa ta hannun dillali, mai saye ya zuba kuɗin kai tsaye a asusun bashin, banki ya saki C of O da takardar warware jingina, a kai KADGIS a goge. Ragowar ta isa fili a Dakace ko hayar 'yan shekaru.

Ɗan Samaru:

Allah ya saka da alheri. Saura biyu: bankunan da ba sa ruwa fa? In kuma mai bashin ya rasu?

Lauyan Sabon Gari:

Amin. A bankuna irin su Jaiz da TAJ, in ciniki ne na murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka amince a kai, farashin da aka yanka ba ya ƙaruwa, tarar makara kuma sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Amma jinginar tana nan, kuma suna da ikon sayarwa kamar kowa. In tsarin haya ne mai ƙarewa da mallaka, kason da ba ka gama saye ba na banki ne tun asali.

Rasuwa ba ta kashe bashi, kuma a Musulunci ma sai an biya shi kafin a raba gado. Abin da magada za su fara nema shi ne takardar inshorar rai da akan haɗa da bashin gida. In tana raye, kamfanin inshora ne zai biya sauran. Sai dai kuɗin sabunta ta sau da yawa tare da biyan bashin ake cirewa, wanda ya daina biya shekara biyu yana iya barin iyalinsa da inshorar da ta riga ta mutu. Su kai takardar shaidar rasuwa banki da wuri, su tambayi ranar da aka biya kuɗin inshora na ƙarshe, a ba su amsa a rubuce.