Ruwan asibiti ya taɓa ƙara wa majinyacinku wata cutar? Ku faɗi abin da kuka gani

Mai jinya, Kano: Assalamu alaikum. An kwantar da mahaifinmu saboda ciwon zuciya, ana ba shi oksijin. Ya fara samun sauƙi har yana neman koko, sai ga zazzaɓi da tari. Aka ɗauki hoton ƙirji, kwamfutar da ke karanta hoton ta nuna kamar tibi ne, hankalinmu ya tashi. Gwajin GeneXpert, na'urar da ke neman ƙwayar tibi a cikin kaki, ya ce babu tibi. Sai da aka kai kakinsa lab aka gano ƙwayar cutar Pseudomonas, mai rayuwa a ruwa da wuri mai danshi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙaramar kwalbar da ke jikin tukunyar oksijin, wadda iska ke ɓulɓulowa ta cikinta. Da idona na ga ana cika ta da ruwan famfon banɗaki, gindinta har ya yi gansakuka. Akwai wanda ya ga irin wannan?

Nas, sashen jarirai: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kwalbar nan ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ake zuba mata, a wanke ta a shanya kafin a ba wani. In ya ƙare a sito cikin dare, wasu sai su ɗebo na famfo, kuma kuskure ne babba, don kai-tsaye huhu yake shiga. Cutar da ta ɓullo bayan awa 48 da kwantar da mutum, mu kanmu asibiti muke fara zargi.

Mai ɗaukar hoton ƙirji: Malam, kada ka ga laifin kwamfutar sosai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da ita wajen tantance tibi ga masu shekara 15 zuwa sama. Maki take bayarwa, ba ta faɗin sunan ƙwayar cuta. Nimoniya ko tsohon tabo a huhu duk suna iya ɗaga makin. Na ga wanda danginsa suka ware masa kwano da kofi tun kafin sakamakon kaki ya fito, abin ya yi mini ciwo.

Mai gyaran famfo: Ni tankin wani asibiti aka kira ni in duba. Marfin ya fashe, laka ta kwanta a ƙasa, ga mataccen ƙadangare. Bututun da ke zuwa wani ɗaki da aka rufe kuwa ruwa ya daɗe tsaye a cikinsa, rana tana dafa shi. Da na buɗe famfon, wari ne ya fara fitowa.

'Yar'uwarku daga Birtaniya: Irin ruwan ɗumin nan Legionella, wata ƙwayar cuta mai kama huhu, ke so, tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta feshin shawa ake shaƙarta. A Ireland ta Arewa, daga ƙarshen 2011 zuwa farkon 2012, jarirai huɗu suka rasu da Pseudomonas, bincike ya kai ga famfunan sashen jarirai. Inda nake aiki, famfon da ba a cika amfani da shi ba sai an sake shi ya zuba, a rubuta a littafi.

Mai jego: Bayan tiyatar haihuwa babu ruwa a ɗakinmu, wajen 'yan garuwa Inna take sayowa. Ɗinkina ya yi ruwa, sai da aka sake buɗe shi. Da za a sallame ni ne wata sista ta ce da mun riƙa tafasawa.

Mai jinya, Kano: Na gode. Baba ya dawo gida, sai dai numfashin bai koma daidai ba. Sista, in zan kai ƙorafin kwalbar nan, wajen metiron zan fara ko kwamitin hana yaɗuwar cuta?