Wa ya taɓa shiga ɗakin kacici-kacici shi da iyalinsa?

Uwar 'yan biyu, Birmingham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Rabon da mu fita ni da maigida mu biyu kaɗai, ba asibiti ba, ba cefane ba, tun kafin in haihu. Maƙwabciyata ta ce za ta riƙe min yara ranar Asabar, ta kuma ce mu gwada wasan nan da Turawa ke kira escape room, inda ake rufe mutane a ɗaki sai sun warware kacici-kacici su fito. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa min yadda abin yake. Ni rufewar ce ke ba ni tsoro.

Magidanci a Dubai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mun je sau uku ni da uwargida. Kafin ku shiga za ku ajiye wayoyinku a loka, sai a ba ku minti 60. Ɗakin cike yake da akwatuna masu kwaɗon lamba, da takardu, wani lokaci da tocila mai fito da rubutun da ido ba ya gani. Akwai ma'aikaci yana kallonku ta kyamara, in kun cije ku kira shi ta oba-oba ya haska muku hanya.

Zuwanmu na farko ne ya tsaya min a rai. Ina can ina fama da kwaɗo, ita kuwa ta tsaya tana kallon bango. Can ta ce, "Abban yara, duba agogon nan huɗu, kowanne ya tsaya a lokaci dabam." Lambar kwaɗon ke nan. Shekararmu 11 da aure, na san girkinta, na san haƙurinta, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda take warware abu a kanta ba sai ranar. A gida kullum ko dai yaro yana kuka ko wayata tana ƙara. Mun fito saura minti huɗu, har muka isa gida hirar agogon nan muke yi.

Matar ɗalibi, Budapest:
'Yar'uwa, nan garin wasan ya zama ruwan dare. Asalinsa Japan ne, wani Takao Kato ya fara shi a Kyoto a 2007, nan Budapest kuma aka buɗe wani gidan wasan mai suna Parapark a 2011, daga nan ya bazu cikin tsofaffin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Tsoronki yana kan hanya. A Janairun 2019 gobara ta tashi a irin wannan ɗaki a Koszalin ta ƙasar Poland, 'yan mata biyar masu shekara 15 suka rasu. Shi ya sa ni ba na shiga sai an nuna min yadda ƙofa take buɗewa daga ciki. Duk inda muka je, ko dai ba a kulle take ba, ko akwai maɓallin da za ki danna ki fita.

Amarya a Landan:
Anti, ni tawa ba ta yi daɗi ba. Ba mu lura ba muka zaɓi ɗakin ban tsoro, ga duhu, ga wani da ya yi shigar fatalwa yana fitowa ta bayanmu. Sannan aka haɗa mu da wasu maza uku da ba mu sani ba, duk na takura. Na ce a nemi taimako, maigida ya ce sai ya gano da kansa, lokaci ya ƙare muna ciki. A jirgin ƙasa ba wanda ya ce wa wani uffan. Da za mu sake zuwa, tun a gida muka yi magana cewa duk wanda ya ce a kira ma'aikacin, to a kira. Muka biya na mu biyu kaɗai, kuma wannan karon da dariya muka fito. Ki kuma duba lokacin salla, kin san hunturun nan Azahar da La'asar a manne suke.

Uwar 'yan biyu, Birmingham:
Allah ya saka muku da alheri. Na kira wani wuri yanzu, sun ce ƙofar a buɗe take, kuma mu biyu ne kawai a ɗakin. Na kama mana ƙarfe 11 na safe, mu fito kafin Azahar. Da na gaya wa maigida, cewa ya yi in tambaya ko za a bar shi ya shiga da biro da takarda.