A yanka gonakin bayan unguwa, bututun ƙazanta ya biyo baya?

Wani kamfani na neman a sauya gonakin da ke gabas da unguwarmu, a gefen Kano, su koma filin gidaje. Ya ce in aka amince, za a jawo babban bututun ruwan ƙazanta har nan, tsofaffin gidaje ma su haɗa. A kan wannan aka yi ta musu.

Dillali: Jama'a, mu mara wa abin nan baya. Da zarar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta sa hannu a taswira, bututu zai zo, mu huta da yashe masai da warin kwata. Darajar gidajenmu ma za ta tashi.

Injiniya: Alhaji, Allah ya ƙara girma, bututun zai zuba a ina? Wannan fa shi ne tambayar. A Abuja, Garki da Wuse da Maitama suna da bututu ne saboda an shimfiɗa shi tun cikin tsarin birnin, kuma yana kai ruwan matatar Wupa a tace shi. Mu a Kano yawancin ƙazantarmu kwata take bi ta faɗa rafin Jakara, ta gangara har madatsar Wasai, masu lambu na ban ruwan latas da ita a hanya. Kuma shi bututun nan gangare yake bi. In gidaje suka riga shi tsayuwa, sai an fasa titi, wani wurin har da katangar mutane.

Ma'aikaciyar lafiya: Injiniya ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shawarar da ake bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 kuwa mita 15 ne da ɗan kai. Ke kin haƙa rijiya a tsakar gida, maƙwabci ya haƙa shaddarsa a bayan katangarki. A damunar 2021, da kwalara ta yi wa Kano da Jigawa da Bauchi ɓarna, da hannuna na rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar taga, yaro na kwance kan tabarma, don gado ya ƙare. Ba na son a ƙara mana dubban mutane a kan alkawarin baki.

Dattijo mai gona: 'Ya'yana, ku kuna maganar bututu, ni gonar da na gada nake tunani. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. In an karɓa, diyyar abin da ke kai ake biya, shuka da bishiya da gini. To nawa za a yi wa ɗorawata biyu kuɗi? Kalwarsu muke ci tun kakana na da rai.

Dillali: Baba, wallahi ina jin zafin nan. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ko mun ƙi, gonakin ba za su tsira ba. Magada za su sayar ɗaya bayan ɗaya, a yi awon igiya, lungun da ko motar kwasar masai ba ta shiga. Wanne ya fi?

Injiniya: A nan kam ka yi gaskiya, Alhaji, awon igiya ya fi muni nesa ba kusa ba. Shi ya sa ban ce a ƙi ba. Sharaɗi nake so a rubuce: wa zai biya kuɗin bututu, kamfani ko gwamnati, ina aka ware wa matatar ruwan ƙazanta, kuma kada a sayar da fuloti ko ɗaya sai an binne bututun mun gani da idonmu.

Ma'aikaciyar lafiya: A ƙara da kuɗin haɗawa. In aka ce kowane gida ya biya da kansa, rabin layinmu ba za su iya ba.

Dattijo mai gona: To ku rubuta duka, har da maganar diyya. Bayan sallar Juma'a ni zan yi muku jagora wurin mai unguwa. Injiniya, ka taho da taswirar, ina so ka nuna min inda gonata ta faɗa.